Gefen Hagun Shaho

Shafi na 17

"Na ce ki ba ni makullina!"

"Ni ma na ce ban san inda yake ba."

"Kin sani."

"To na sani. Ba zan bayar ba."

Shaho ya saki baki yana kallon matarsa. Shekara talatin da wani abu suna tare, bai taɓa jin ta shirga ƙarya ta warware ta da bakinta a numfashi ɗaya ba sai yau.

Ku masu cika min waya da saƙo, wai ina ta kai makullin, wai na bar ku a rataye, ku matso in raɗa muku. Makullin bas ɗin makaranta yana cikin dunƙulen zaren saƙarta. Ta cusa shi can tsakiya, ta ɗora zaren a cinya, tana ta saƙa hular da ba wanda ya sa ta. Ni na gaya muku, saura ku je ku gaya masa.

"Maman Auta," ya ce, ya sassauta murya irin ta mai lallashi, "tashin yara ya kusa. Kin san in ban je ba haka za su yi cirko-cirko a bakin get cikin rana. Har da jikarki."

"Saboda jikata na ɗauke shi."

"Ji wata magana! Tela, kana jin ta?"

Tela yana zaune a kujerar dama, hannun gem, abin dannawar nan, a cinyarsa, ya ƙura wa talabijin ido kamar yau ya fara ganinsa. Gem ɗin a tsaye yake tun da rigima ta ɓarke: sojoji biyu, ja da kore, sun daskare a bakin wata gada.

"Ni fa ban ji komai ba," in ji Tela. "Kunnen nan nawa kwana biyu sai a hankali."

"Munafuki," Shaho ya ce.

Haka suke tun suna samari. A shagon gem na kan kwana suka haɗu, lokacin da sai ka jefa wa inji kwandala kafin ya kula ka. A nan aka laƙaba wa maigidan sunan Shaho, don ko ƙuda ba ya gifta allon ba tare da ya gan shi ba. Tela kuwa Kunkuru suke ce masa, don kafin ya danna maɓalli an gama yaƙin. Shago ya rushe, aka yi zamanin kaset ɗin da sai an hura masa iska, shi ma ya wuce, gashi ya yi fari, amma su biyun nan ba su fasa ba. Da safe Shaho ya kwashe yara ya kai makaranta, ya dawo ya faka bas a ƙofar gida, Tela ya rufe keken ɗinkinsa ya bar masu kaya suna zaginsa, su zauna su yi ta harbin dodanni har lokacin tashi.

Ita kuwa tana bayansu a kujerarta ta jikin taga tana saƙa. Ba ta taɓa riƙe hannun gem ba, amma ta san kowane lungu na gadar nan fiye da hanyar gidan 'yarta.

"Auta ta kira ni ɗazu," ta ce, ba ta ɗago ba.

"Sai aka yi yaya?"

"Ta ce tana tsaye inda ta saba tsayawa, riƙe da hannun yarinya. Tana ɗaga maka hannu. Ka zo ka wuce su, idonka biyu a buɗe."

"Tunani nake yi."

"Da gudu ta bi bas, tana dukan bayansa da jaka, kafin ka taka birki."

"Na ce miki tunani nake! Mutum ba zai yi tunani ba?"

"Ta wane gefe suke tsaye?"

Ya juya wajen talabijin.

"Baban Auta, ta wane gefe?"

"Ke 'yar sanda ce?"

"Ta hagu," ta ba kanta amsa.

Tun da Auta ta kashe waya ko ruwa ta kasa sha. Abu ɗaya take ta gani: get ɗin makaranta, da yadda ƙananan nan suke fitowa a guje in an kaɗa ƙararrawa, jaka ta fi su girma, ba mai duba gabansa. Kuma in bas ya shigo zai juya, ta gefen hagunsa suke ɓullowa.

"Madubin bas fa?" ta ce. "Wanda aka ɗaure da waya?"

"Mai babur ne ya goge shi. Na gaya miki."

"Wane madubi?"

"Wai ke yau me ya shiga kanki?"

"Na hagu. Shayinka fa?"

"Me ya sami shayina?"

"Tun da aka kawo ni gidan nan a kan wancan ɗan tebur nake ajiye maka, ka miƙa hannu ka ɗauka ko kallo ba ka yi. Yanzu sai ya huce ya yi fata, kana ta min ihu wai ban kawo ba."

"Kin canja masa wuri ne."

"Ni na canja? Kai ka ja kujerarka har ta kusa shiga bango. Ka ce fanka ce take sa maka mura."

"Ƙarya na yi? Fanka ba ta sa mura?"

"Fankar da ta mutu tun bara?"

Tela ya yi wani tari da ya fi kama da dariyar da aka shaƙe. Shaho ya watsa masa harara.

"Matarmu," Tela ya ce a hankali, "a bi shi sannu mana."

"Kai ka yi min shiru, zan zo kanka."

Tela ya sunkuyar da kai. Ya san me take nufi, ita ma ta san ya sani. Wanda bai sani ba mutum ɗaya ne a falon.

"Abin da nake roƙo kaɗan ne," ta ce. "Ka kira makaranta ka ce ba ka jin daɗi, su tura wani yau. Gobe mu je asibiti a duba. In likita ya ce ƙalau kake, ni da kaina zan rataya makullin nan a ƙusa, in ba ka haƙuri a gaban Tela."

"Su tura wani!" Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Kin san wanda za su tura? Wancan mai askin banza da yake wanke bas yana shafa sitiyarina kamar an ba shi gado. Rana ɗaya zai hau kujerar nan, shi ke nan. Sai su ce Baba a huta, an gode."

"To a huta mana."

"In huta in yi me?"

"Abin da tsofaffi suke yi."

"Wa ye tsoho?"

"Wanda yake jiƙa yatsunsa a ruwan zafi kafin ya riƙe hannun gem."

"Wannan dabara ce ta 'yan wasa!"

"Da man zafin da ka ƙarar min? Shi ma dabara ce?"

Ni dai ba ruwana, amma man zafin nan nata ne na gwiwa, kuma har ɓoye shi take yi a cikin tukunya. Yana ganowa. Hanci dai bai tsufa ba.

Shaho ya miƙe tsaye, ya gyara wuyan rigarsa, ya nuna talabijin da yatsa.

"Ido kike magana ko? To ga alƙali. Wannan gadar, yara 'yan shekara ashirin kuka suke a kanta. Ranar nan wani da muke bugawa ta intanet ya ji muryata ya ce wai Kaka a je a kwanta. Na kwantar da shi sau bakwai, ya kashe injinsa ya gudu. Ki zauna ki gani. In na tsallake gadar nan, ki ba ni makullina, kuma kada in ƙara jin maganar asibiti."

Ta san sun tsallake ta jiya. Sun tsallake ta shekaranjiya.

Amma ta san yadda aka yi suka tsallake.

"Na yarda," ta ce. "Da sharaɗi."

"Faɗi."

"Tela ya ajiye nasa. Kai kaɗai."

Shaho ya tuntsire da dariya har da dafa ciki.

"Wannan ne sharaɗin? Ai kin rage min kaya ne! Wannan Kunkurun da ya zame min jidali? Kwanan nan ko minti biyu ba ya yi sai ya mutu. Kullum sai na koma na tashe shi. Na ce masa ya je a yi masa tabarau ya ƙi."

Tela bai yi dariya ba. Gumi ya tsattsafo masa a goshi.

"Shaho, a bar wasan nan," ya ce. "Ka ga lokaci. Bari in kira maka tasi, ka je ka yi musu bayani."

"Ajiye hannun gem ɗin."

"Ni dai da za ka ji tawa..."

"Tela," Maman Auta ta ce, "ajiye. A ƙasa. Inda zan gan shi."

Ya sunkuya ya ajiye shi a kan kafet, a hankali, kamar mai ajiye ƙwai.

Shaho ya zauna. Ya murza yatsunsa suka yi ƙas ƙas. Ya ɗan karkata kai, karkatar nan da ya koya kwanan nan, wadda ya ce wuya ne yake masa ciwo. Ya danna.

Jan sojansa ya hau gada.

Kai, jama'a, a faɗi gaskiya, mutumin nan ya iya. Dodanni suna tasowa ta dama yana zubar da su tun ba su gama fitowa ba. Wani ya faɗo daga sama, ya tare shi a iska. Babban yatsansa yana yawo kamar ba shi ne ake jiƙawa a ruwan zafi ba.

"Kina gani?" ya ce. "Kina gani ko? Wa ye tsoho?"

Tana gani. Tana ganin wani ƙaramin dodo mai mashi ya hauro ta ƙarfen gada daga hagu. Ba sauri yake ba. Tafiya yake kamar mai zuwa gaisuwa. Ya zo ya tsaya a bayan jan soja, ya ɗaga mashi.

Tela ya runtse ido.

Jan soja ya faɗi.

"Kai! Daga ina?" Shaho ya zabura. "Me ya taɓa ni?"

Ya jijjiga hannun gem ɗin.

"Batir ne. Batirin hannun nan ya yi sanyi."

"Jiya ka sa sabo," ta ce.

"Saura rai biyu. Ki zuba ido."

Ya sake hawa. Wannan karon ya matso bakin kujera, ya ƙara karkata kan.

Maman Auta ta ajiye saƙa. Ta zura yatsu cikin zaren ta zaro makullin, ta damƙe shi gam don kada ya yi ƙara. Ta cire silifas. Ta bi ta bayan kujerarsa a hankali, ta shiga ɗan tsukin da ke tsakaninsa da bango, inda teburin shayi yake. Ta tsaya dab da kafaɗarsa ta hagu. Ta miƙa hannu gaba, ta buɗe tafin, makulli yana kwance a kai, kusa da fuskarsa har numfashinsa yana taɓa mata fata.

A ranta tana cewa: ka gan ni. Don Allah ka gan ni. Ka fizge shi ka yi min dariya, in ji kunya, in ba ka haƙuri.

Bai gan ta ba.

Tela ya gan ta. Ya dafe baki.

Mai mashi ya sake haurowa. Ta wuri ɗaya, da tafiya iri ɗaya.

Jan soja ya faɗi.

"Wannan cuta ce!" Shaho ya daki cinyarsa. "Sun canja gem ɗin! Sun sa abin da ba a gani! Tela, ka ga abin da ya kashe ni?"

"Na gani."

"Mene ne?"

"Mai mashi ne."

"Wane mai mashi? Ai sun cire mai mashi daga gadar nan tuntuni. Rabon da in gan shi tun..."



Rai na uku bai ma kai tsakiyar gada ba. Allon ya yi ja, kiɗan mutuwa ya tashi, wasu lambobi suka fito suna ƙirgawa baya, injin yana tambaya ko za a ci gaba.

"Ba su cire shi ba," Tela ya ce, muryarsa ƙasa ƙasa. "Kullum yana nan. Shi da 'yan uwansa."

"To me ya sa ba ya taɓa ni?"

"Don ni yake samu a wurin."

Shaho ya juyo ya kalle shi.

"Tun muna shagon kwana, kai ne hagu ni ne dama," Tela ya ce. "Haka muka raba. Ka tuna ranar da ka yi ciwon kan nan, ka kwanta yini guda, ka ce rana ce ta buge ka? Da ka tashi muka zauna, na ga suna shigowa ta wajenka kana ƙyale su. Na ɗauka wasa kake min. Washegari ma haka. Sai na fara barin dama ina zagayowa ta bayanka."

"Kana zagayowa."

"Kai kana share dama da gaba, ni ina tsaye a hagunka ina shan mashi. Ni Kunkuru ne, ba na iya kashe su duka. Sai dai in tare da jikina."

"Shi ya sa kake mutuwa."

"Shi ya sa."

"Ina zaginka. Ina ce maka ka tsufa."

"Ai na tsufa ɗin. Ba ƙarya ka yi ba."

Shaho ya ajiye hannun gem a cinya. Ya juya ta dama ya leƙa bayansa, wajen taga. Kujerar matarsa ba kowa, sai zare da silifas.

"Ina take?" ya ce. "Ta haɗa ni da abokina ta gudu ko? Maman Auta!"

"Ga ni."

Ya yi wata irin zabura har hannun gem ya faɗi. Ya juyo da kansa gaba ɗaya, sai ga ta a tsaye a jikinsa, hannu a miƙe, makulli a tafi, hawaye ya wanke mata fuska.

"Tun yaushe kike nan?"

"Tun rai na biyu."

Ya kalli makullin. Ya kalli tazarar da ke tsakaninsa da hancinsa. Ko tsawon cokali ba ta kai ba.

Injin yana ta ƙirgensa.

Ta ga kafaɗunsa sun sauka. Ta ce a ranta shi ke nan, ya sallama, yanzu zai ce a miƙo masa waya. Har ta fara jin numfashinta yana dawowa.

"Kin ɗauka ban sani ba?" ya ce.

"Me?"

"Kun ɗauka ku biyu ne masu wayo? Na riga ku sani."

Ta dafa bango.

"Kin tuna tsohon talabijin? Da na kai shi wajen mai gyara har sau biyu?"

"Ka ce launinsa ya lalace."

"Ba launi ba ne. Layin rai ne na gem, wanda yake can sama a kusurwar hagu. Na zauna na neme shi na rasa. Na ce allon ya ƙone ta gefe. Mai gyara ya kunna a gabana ya ce ga shi nan, Baba, lafiyarsa ƙalau. Na ce masa macuci. Na ɗauko wannan sabon, na jona, na zauna." Ya nuna allon. "Shi ma babu kusurwar."

"Innalillahi," Tela ya ce.

"Sai na juya kaina kaɗan. Sai ga layin rai, cike, kore shar. Yana nan tun farko. A ranar na sani."

"Ka sani," ta ce. "Ka sani, kuma kullum kana ɗibar 'ya'yan mutane?"

"Ina juya kaina! Kowace kwana, kowace mahaɗa, sai na juya gaba ɗaya na duba. Wuyana har ya ƙage. Ko kaza ban taɓa takawa ba."

"Yau ka wuce jikarka."

"Yau na manta ban juya ba. Sau ɗaya!"

"Sau ɗaya ake bukata, Baban Auta."

Ya kau da kai. Ya kalli tsofaffin hannayen gem ɗin da ya jera a kan kanta, tun daga mai maɓalli biyu har zuwa wanda wayarsa ta tsinke, duk yana goge musu ƙura da kansa, ba ya bari ta taɓa.

"Mu huɗu ne a shagon nan," ya ce. "Makaniki ya rasu. Dogo yatsunsa sun ƙandare, ko maɓallin riga sai an ɓalle masa. Ranar da na je gaishe shi na tarar ya ba jikoki injinsa suna wasan mota da shi a tsakar gida. Saura ni da wannan." Ya nuna Tela da haɓa. "Ni abu biyu na iya a duniya, sitiyari da wannan abin. Duk da ido ake yi. In na shiga ɗakin likita, da Shaho zan shiga. Wa zai fito?"

"Mijina zai fito."

"Wanda za ki dinga riƙe wa hannu a tsallaka titi?"

"Sai me? Ba ni na riƙe ka ba lokacin da ka karye a ƙafa?"

"Ƙafa tana warkewa."

"Ka san ko wannan ma ana iya yin wani abu? Ka tambaya? Wata nawa kana zaune a kansa, ka sani ko ƙaruwa yake?"

A fuskarsa ta gane amsar, kuma ta gwammace da ba ta gane ba.

"Yana ƙaruwa," ta ce.

"Da kusurwa ce kawai," ya ce a hankali.

Tela ya matso da kujerarsa.

"Shaho, ka ji ni. Gem dai ba inda za shi. Ko rabin allo kake gani, ina nan a hagunka har ranar da za a ɗauki ɗayanmu. Ka zage ni yadda kake so. Amma a titi ba ni da hannun da zan riƙe. Ba na cikin bas ɗin nan. Ba wanda yake zagayowa ta bayanka."

"Wa ya roƙe ka tun farko?"

"Ba wanda ya roƙe ni."

"Ka mai da ni abin tausayi a gidana. Ina ta murna ina cewa na tsallake gada, ashe goyo na kake yi. Kuna haɗa ido da matata a bayana kuna..."

"Wallahi bai taɓa gaya min ba," ta ce. "Ni na gani da idona."

"Da idonki. Madalla da masu ido."

Sai waya ta ɗauki ƙara a aljihunsa.

Duk su ukun suka san ko wace ce. Ya zaro, ya kai ta gefen dama ya duba. Shugabar makaranta.

"Ɗauka," Maman Auta ta ce. "Ɗauka ka gaya mata. Ko ka ba ni in gaya mata, in ce zazzaɓi ne, ba sai ta san komai ba yau."

Ya ɗauka.

"Ranki ya daɗe... E... E, na san an kusa kaɗa ƙararrawa."

Ta matso. Ta kama hannun rigarsa. Tana gyaɗa masa kai, tana roƙonsa da ido.

Ya dube ta. Ya daɗe yana dubanta.

"A'a, lafiya lau," ya ce. "Ga ni nan tafe."

Kun ga inda tsohuwa ta yi wauta? Duk wannan surutun da ake, hannunta yana nan a buɗe. Ta fito da makulli don ta nuna masa abin da ba ya gani, ta manta da cewa yanzu ya juyo yana ganinsa sarai. Kuma hannun nan nasa, duk da ruwan zafi da man gwiwa, har yanzu hannun Shaho ne.

Kafin ta rufe tafi, wayam.

"Baban Auta!"

Ya riga ya miƙe.

"Ka dawo da shi! Don girman Allah ka dawo da shi!"

Tela ya yunƙura zai tare hanya, gwiwa ta ƙi, ya koma ya zauna daɓas. Kunkuru dai Kunkuru ne.

"Zan juya kaina," Shaho ya ce, yana cusa ƙafa a takalmi. "Yau kaɗai. In kawo su gida lafiya, gobe a yi maganar."

"Haka ka ce wa kanka jiya!"

"Matsa min."

"In ka fita zan kira shugabar da kaina. Zan gaya mata komai. Madubi, Auta, komai!"

Ya tsaya cak, bai juyo ba.

"In kin kira ta," ya ce, "kin kashe ni da raina."

"In ban kira ba fa? Wa zan kashe?"

Wayarta tana kan kujerar taga, kusa da zare. Ta kalli wayar. Ta kalli bayan mijinta. A talabijin ƙirgen ya ƙare, allon ya yi baƙi.

Ya nufi ƙofa da sauri. Ƙofar a buɗe take, faɗinta ya ishi mutum biyu.

Kafaɗarsa ta hagu ta daki katakon gefe, gum, har ƙusar da ake rataya makulli ta faɗo ƙasa.

Bai ko waiwaya ya ga abin da ya buge shi ba.

Ya ja ƙofar.

GARAM!